Ranar da Aka Gurfanar da Maƙeri

Malamar tarihi tana da wata hanya ta koyarwa da duk makarantar ta sani. In darasi ya zo kan mutumin da ake jayayya a kansa, sai ta mai da ajin kotu. Ta raba ɗalibai gida biyu da ƙuri'a, masu tuhuma da masu karewa. In an kai tsakiya ta kaɗa 'yar ƙararrawarta a yi musanya, wanda ya tuhuma ya koma karewa.

A zangon nan wanda za a gurfanar shi ne Maƙeri, bawan da ya jagoranci boren bayin gonakin rake tun zamanin kakannin kakanni. Kuma a zauren taro za a yi, gaban iyaye.

Akwai wata yarinya da 'yan aji ke kira Ɓera, don kullum tana maƙale a lungun laburare. Ta sa hannu a kwalin ƙuri'a ta zaro takarda. Mai tuhuma ta farko.

Kakarta ce ta rene ta, sunansu ma ɗaya. Zanen Maƙeri na rataye saman keken ɗinkin Kaka, don daga cikin waɗanda ya sare wa sarƙa zuriyarsu ta fito. Kawunta ya taɓa cewa a bakin tebur ai mutumin ma ya kashe mutane. Har yau ba ya shiga gidan sai ya tabbatar Kaka ta fita.

Ɓera ta bi malamar har ofis.

"Malama, don Allah a canja min."

"Ƙuri'a ce, ba ni ba. Kin karanta bayanan ukun da na raba muku?"

"Na karanta."

"To, wa ya rubuta na farko?"

"Akawun masu gona. Ya ce Maƙeri dabba ne."

"Me zai samu in aka yarda da shi?"

"Aikinsa da ransa."

"Na biyu fa?"

"Waƙar jikokin bayin. Su kuma sun ce ko tururuwa bai taka ba."

"Na ukun?"

Na ukun shaidar wata baiwa ce mai reno, wadda ta gudu tare da masu boren, ta kuma yi ta sa wa Maƙeri albarka har ta mutu. Ita ce ta ce ranar da aka cinna wa babban gidan masu gona wuta, ya sa an tokare ƙofa alhali 'yar gidan da take reno na ciki.

"Ita babu abin da za ta samu," in ji Ɓera, muryarta can ƙasa.

"Shi ya sa kike tsoronta," malamar ta ce. "Je ki shirya."

Ta yi ta niyyar yi wa Kaka bayanin ƙuri'ar da ƙararrawar. Duk ta buɗe baki sai ta haɗa ido da zanen nan, maganar ta koma ciki. Da safen ranar, Kaka da kanta ta goge mata rigar makaranta.

"Takwara, ki ɗaga murya fa. Kar ki je ki yi min kukan sauron nan naki a gaban mutane. Ki gaya musu ko shi wane ne."

"To, Kaka."

Zauren ya cika. Fanka na juyawa tana ƙara, iyaye na fifita da takardun jadawalin taron. Kaka ta zauna a layin gaba da sandarta tsakanin gwiwoyi. Dogo, wanda zai fara karewa, ya raɗa wa Ɓera, "Ke, ƙafarki na kaɗa ganga. In za ki suma ki faɗa can, rigata sabuwa ce."

Aka kira ta. Tsoro ya sa ta haddace komai har da waƙafi, kuma tsoron ne ya fito da wata murya da ita ma ba ta san tana da ita ba. Ta kafe ido a agogon bango. Ta faɗi wutar, ta faɗi gungumen da aka tokare ƙofa da shi, ta faɗi yadda mai renon ta yi ta dukan taga har hannunta ya tsage. Da ta gama aka ɗauki tafi.

A cikin tafin ta ji ƙarar sanda a siminti. Kaka ce ta miƙe, ta bi tsakanin kujeru a hankali, ba ta waiwayo ba.

Ƙararrawar musanya tana kan tebur, malamar ba ta ko taɓa ta ba tukuna, don sai Dogo ya gama nasa. Ɓera ta dubi ƙararrawar, ta dubi ƙofa. Sai ta ajiye takardunta ta sauka daga dandamali.

A tashar bas ta same ta, zaune kan benci, haɓarta a kan sandar.

"Kaka."

"Wa ya sa ki?"

"Ƙuri'a aka yi. Da kin jira kaɗan, za a yi musanya, ni ce zan kare shi. Haka Malama take yi."

"Wasan kwaikwayo ke nan." Kaka ta ɗago ta dube ta, fuskarta ta ɗan saki. "To ce min ƙarya ce aka ba ki ki karanta, mu tafi gida."

Kalma ɗaya ce kawai. Ɓera ta ji ta a kan harshenta. Ta tuna Kawu yana leƙen ƙofa kamar ɓarawo.

"Na akawun ƙarya ne, Kaka. Amma ta mai renon... Ina jin gaskiya ta faɗa. Ya 'yanta mu, kuma yarinyar ta mutu. Na rasa yadda zan cire ɗaya."

Kaka ta mai da ido kan titi. Mai keke ya wuce, wata mota ta yi ham, Ɓera na tsaye.

Bas ta zo. Kaka ta hau da ƙyar, ta ƙi hannun da Ɓera ta miƙa mata. Ta zauna gefen taga ta ɗora jakarta a kujerar kusa. Ɓera ta tsaya riƙe da ƙarfe, ba ta san ko tana da wurin kwana ba.

Sai da suka wuce asibiti sannan Kaka ta janye jakar zuwa cinyarta.

"Zauna. Ba wai na yarda ba ne." Har lokacin taga take kallo. "In mun je gida za ki tsaya ki yi min ɗaya ɓangaren. Da irin muryar ɗazu, ba ta sauro ba."