Agogon da Inna Ke Murɗawa

Tun da tsufa ya sa wa Inna, mahaifiyarmu, mantuwa, abu ɗaya ne bai ɓace mata ba. Kowace safiya ta murɗa ɗan agogon hannunta, ta kara shi a kunne, sai hankalinta ya kwanta. Ranar da ya tsaya kuwa, gida ya hargitse. Ta ƙi abinci, tana ta zagaye tsakar gida tana neman takalmi, wai za ta tafi gidansu.

Yayana, sarkin gaggawa, ya kai shi gyara. Ya dawo yana washe baki. "Na sa an cire tsohon injin, an saka mai batir. Inna ta huta da murɗi."

Hutu? Ta murɗa, ba abin da ya kama. Ta ajiye shi tana hararata. "Wannan ba nawa ba ne. Wa ya sace mini?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ko mayafi ban gyara ba na ɗauki agogon na nufi shagon. Mai gyaran tsoho ne, da ɗan gilashi maƙale a ido.

"Baba, ina injin da ka cire?"

"Na so in yi wa yayanki bayani, bai tsaya ba." Ya jawo aljihun tebur ya fito da ƙunshin takarda. "Ba na zubar da irin wannan. Mai ne ya bushe, wayar ciki ta tsinke. Ba ni kwana uku."

Kwana ukun nan ban zaunu ba. In leƙa Inna, in koma shago, in tsaya masa a ka yana tsintar sukurori kamar ƙwayar yashi da hantsaki, yana ɗiga mai da bakin allura.

"'Yata, matsa baya, numfashinki zai hure mini aiki."

Da ya gama, na kawo na ɗaura mata. Ta murɗa, ya kama. Ta daɗe tana saurare, kafaɗunta suka sauka. Sai ta jawo kaina ta kara mini.

"Ji, baiwar Allah. 'Yata zan bar wa. Kin san ta? Ta daina zuwa duba ni."

Na ce, "Za ta zo, Inna." Na tashi na ɗora mata ruwan wanka.