Hure Ba Ta Suɗe Kwano

A shekarar da taki ya gagari kowa, gero ya fito siri-siri kamar tsintsiya, a shekarar ce tsinin tsohon kara ya soki Hure a diddige. Ta yi sati uku kwance a inuwar darbejiyar tsakar gida, zazzaɓi na ɗaga ta yana saukewa. In ta lumshe ido sai gonakin ƙauyen su zama ruwa, kore shar, tana tafe a kai ba takalmi. In ta buɗe, ga ƙafar nan a kan buhu, ta kumbura har ƙwauri.

Hure mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Tun tana yarinya aka koya mata ba a suɗe kwano. Ko yunwa na cin mutum, ya rage loma biyu saboda mai shigowa. Yadda ta yi wa tuwo haka ta yi wa kafso. A rubuta mata na kwana biyar, ta sha na uku, jiki ya yi sauƙi, sauran ta jefa a gwangwanin madara. Duk unguwa an san gwangwanin nan. Mai ciwon haƙori, mai gudawa, har mai akuya, kowa ya zo ta ba shi ɗaya ya tafi yana sa albarka.

Wannan karon ta sha kafson nan ja-da-yalo, ta farke wani ta barbaɗa a kan ciwon. Ko gezau.

Kaltume, 'yar ƙaninta da ke aiki a asibitin ƙauyen, ta ɗebi ruwan ciwon ta kai gwaji birni. Da ta dawo ta tsuguna gaban tabarmar, ko hijabi ba ta cire ba.

"Gwaggo, ƙwayoyin cutar nan sun san kafsonki kamar yadda kika san hanyar rijiya. Kaɗan-kaɗan kika yi ta ba su, bai kashe su ba, sai sabo."

"Au, ni na yi musu tarbiyya ke nan, likita?"

"Ke da mu. Mu ma mun sha rubuta wa mai mura, don kada a ce ba mu iya aiki ba." Ta ajiye wata ledar magani. "Wannan ne kaɗai ba su saba da shi ba. Kwana goma. Kika rage, ciwon ya dawo, daga gwiwa za a yanke."

"Ji 'yar nan da na goya, wai ni take wa barazana."

"Da ƙafar kika yi yawon goyon. Ita nake so."

Kwanaki suka riƙa wucewa kamar a cikin hayaƙi. Hure ta sha, ta yi amai, ta sake sha. Bakinta ya yi ɗaci. Wani lokaci sai ta ji muryar marigayiya innarta daga cikin ganye tana tambayar wa ta rage wa. Ran kwana bakwai kumburin ya saɓa, yatsunta suka motsa ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan tsaki.

Da la'asar ɗin ran nan, Kaltume na wurin aiki, maƙwabciyar Hure, Fadima, ta yi sallama.

"Yaya Hure, ashe an samu sauƙi. Ɗana Nababa ne tari ya hana sakat. Na ce bari in zo gidan da ba a rasawa. Ko biyu ma."

Ledar na nan kusa da buta, a fili. Hure ta dube ta, ta dubi Fadima, wadda ta kawo mata kunu kullum tun da ta kwanta. Hannunta har ya miƙa da kansa. Sai ta mayar da shi kan diddigenta.

"Fadima, wannan ba shi da ragowa. Ki kai shi wurin Kaltume ta duba shi."

Fadima ta gyara mayafi. "To. Allah Ya ƙara sauƙi." Ta fita ba ta ɗauki kwanon kununta ba.

Kunya ta rufe Hure har kunnuwanta suka yi zafi. Ta jima tana kallon ƙofa. Sannan ta ɓalli na yamma ta haɗiye, ta dafa bango, ta ɗora diddigen a ƙasa a hankali. Ya ɗauke ta.