Ɗanyen Sabulu

Tun da aka haifi jikan nan nata, sau nawa ma aka bari ta ɗauke shi? Matar ɗanta ba ta taɓa yi mata rashin kunya ba, ta fi wayon haka. Za ta durƙusa har ƙasa, "Mama, sannu da zuwa," sannan ta ce ai yanzu yaron ya yi barci. A bakin wasu tsohuwar ta ji dalili, wai warin awaki take yi. To, ƙarya aka yi mata? Awaki biyu gare ta a bayan ɗaki, kuma da nononsu take haɗa sabulun da take rufa wa kanta asiri da shi.

Sai ga ƙaiƙayi ya kama yaron. Ɗan nata ya faɗa mata a waya: fata ta bushe, yana susa har jini, an shafa man kanti iri-iri a banza. Ta ji tausayi, amma Allah Ya yafe mata, ta ji daɗi ma. Yau dai ga ranar abin da ta iya.

"Zo ka karɓar wa maigidan nawa sabulu," ta ce. "In ya warke, a kawo min shi ya wuni, in ga ko har yanzu yana so na."

"In sha Allahu, Mama."

Sabulun nonon akuya ba ya son gaggawa. Sai nonon ya daskare a firji, sannan a riƙa barbaɗa soda kaɗan-kaɗan ana juyawa. Ka kuskura ka juye gaba ɗaya, nono ya ƙone, ya yi ja, ɗaki ya ɗauki wari. A haɗa da mai, a juya har kafaɗa ta yi tsami, a zuba a akwatin katako, in ya kama jikinsa a yanka. Ko an yanka ma da saura, sai ya sha iska makonni, kaifin sodar ya mutu. Ita da harshe take gwadawa. In ta lasa ya cije ta, ɗanye ne.

Ɗan nata ya zo da yamma cikin gogaggun kaya, ko zama bai yi ba. Ta miƙa masa guda uku daga tsofaffin, sun motse, sun yi duhu, gefensu ya lanƙwashe. Ya jujjuya su yana yamutsa fuska, idonsa na kan teburi, inda waɗanda ta yanka da safe ke jere, farare sumul.

"Mama, babu masu ɗan kyan gani?"

"Kul! Waɗancan ɗanyu ne, wuta ce a cikinsu. Mummunan shi ne maganin."

Ya ce to. Nan akuya ɗaya ta sarƙe da igiya tana ihu, tsohuwar ta fita ta warware ta. Kafin ta dawo ya ƙulle leda, yana sallama daga bakin ƙofa.

Washegari matar ɗan ta kira. "Mama, me muka yi miki? Jikinsa ya saɓule, muna asibiti."

Ta yar da wayar ta nufi teburi. Ga giɓi a layin fararen. Ga munanan nan uku an tura su bayan roba. Ta zauna a ƙasa daɓas, sannan ta jawo wayar ta kira ɗanta.

"Kai ka musanya."

Ya ce, "Wallahi kunya na ji in kai mata waɗancan. Kin san halinta."

"To faɗa mata."

"In na faɗa, gidan ba zai zaunu ba. Ki rufa min asiri, Mama, don Allah. Haƙuri kawai za ki ba ta."

Kawai! Ji yadda ya faɗe shi, kamar aron tsintsiya ya zo yi.

Ta je asibitin. Matar ɗan ta tare ƙofar ɗaki, idanu jajur, mijin nata kuma yana bayanta yana latsa waya. Daga ciki ana jin kukan yaron, har muryarsa ta dishe. Tsohuwar ta tsaya tana jiran ɗanta ya buɗe baki. Ta jira har jiran ya zama abin kunya. Bai ko ɗago ba.

"Laifina ne, 'yata," ta ce. "Tsufa ne, na haɗa ɗanye da busasshe. Ki yafe min."

"Ba komai, Mama. Likita ya ce zai warke." Matar ta share hawaye, cikin ladabin nan nata. "Amma daga yau, in kina son ganinsa, za mu riƙa turo miki hoto."

Ɗan ya rako ta bakin titi, ya tsayar mata da mota, har da buɗe mata ƙofa. Ya sunkuyo ta taga, fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Na gode, Mama. Allah Ya bar mana ke."

Ta dube shi. Ita ta haife shi, kuma a lokacin nan ba ta ƙaunar ko ganinsa.

"Kar ka gode min," ta ce. "Koma ciki, ɗanka na kuka."