Dala Biyar a Kan Allura

Duk wanda ya san Mumuni tela a Gaya ya san ba a gaya masa yadda ake kunna faifai. Ka ce wuyan rigar da ya ɗinka ya karkace, zai yi dariya ya gyara. Amma ka taɓa garmahonsa, ranar sai ka ga wani Mumunin daban. Shekarunsa sittin da tara, kuma tun yana saurayi yake ɗora ƙwandalar dala biyar a kan hannun garmaho, daidai saman allura, don kada ta yi tsalle. Haka ya ga ana yi a shagunan Malanbil, can tsallaken kogi, haka kowa ke yi a zamaninsu, shi kuwa bai ga dalilin da zai sa zamani ya fi shi wayo ba.

Faifan da ake wannan hidima dominsa guda ɗaya ne, ɗan ƙarami, a cikin jakar atamfa da ya ɗinka masa. Shekara arba'in da biyar ke nan da wani ɗan kasuwa ya kwashi ƴan samariyar unguwarsu zuwa Kwatano aka ɗauki waƙarsu. Mumuni ba ya waƙa, muryarsa ko kiran awaki ba ta yi. Shi ya ɗinka wa ƴan matan anko, sai ya laƙe a motar da sunan ko wani ɗinki zai farke a hanya. Cikin ƴan matan akwai Hajo, wadda ta zama matarsa bayan shekara guda, kuma baiti na uku ita kaɗai ta rera shi.

To, daidai wannan baiti allura ke tsalle. Hajo za ta buɗe baki, kalma ɗaya, sai ƙat, ka ji an koma amshi. Ya ɗora dala biyar, ta yi tsalle. Ya ɗora biyu, ta yi tsalle da su. Garmahon farko ya mutu, ya sayi wani na okaziyo, wato na hannu, a kasuwar Malanbil, mai arha, ya jona shi da tsohuwar rediyonsa, sauti na fita kamar daga ƙasan rijiya. Duk wannan bai dame shi ba, don a ganinsa akwai lokaci.

Sai da likita a Doso ya duba Hajo ya ce kunnen dama ya riga ya tafi, na hagu ma yana kan hanya, sannan tsoro ya kama Mumuni. Tsoro na gaske, irin wanda ke sa mutum ya taka keken ɗinki ba zare. Yana so matar nan ta ji muryarta ta ƙuruciya ko sau ɗaya ne, da ƙarfi, baitin ya fita cikakke, kafin kunnen ya rufe.

Autarsu Nuriya tana da rumfar gyara kusa da tashar motoci masu zuwa Yamai, tana gyaran salula da rediyo da fitilun sola. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, har layi suke yi mata, amma a gida ba ta taɓa samun izinin ko share ƙurar garmaho ba. Mumuni ya je rumfar da hantsi, ya zauna a benci, ya yi ta gaisuwa har da tambayar lafiyar turnabis ɗin da take kwance ƙusoshi da shi.

"Wani abokina na," ya ce daga ƙarshe, "shina da garmaho, allura tana mishi tsalle."

Nuriya ba ta ɗago daga salular da take buɗewa ba. "Abokin naka, Baba, shina aza dala biyar bisa?"

"Kowa na azawa."

"Ka ce mishi in ya yarda in taɓa, zan gyara. Amma ya ba ni dala biyar ɗin ajiya."

Mumuni ya kalli titi, ya ce abokin zai yi shawara. Kafin ya kai gida abokin ya gama shawara, ya aiko a ce ya yarda.

Mako biyu aka yi ana haɗa kaya. Wani direba ya kawo wa Nuriya sabon kan allura daga Kwatano a cikin ɗan kwali, da sabuwar roba mai juya faranti, da wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi sabulu ba. Alfari maƙwabcinsu, mai ba da hayar kayan sauti a gidajen biki, ya ce ranar Talata ba kowa ke aure ba, a ɗauki ampili, na'urar ƙara sauti, da manyan lasifika biyu da ake kira bafil. Da kansa ya turo su a amalanke, ya ce in an gama a kira shi, ya koma.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba, ita ce Hajo. Tana zaune a tabarma ƙarƙashin mangwaro tana tsince shinkafa, ta kalli bafil ɗin nan masu tsawon yaro ta taɓe baki.

"Malam, mi ya kai ka ga wanga wahala?" ta ce da ƙarfi, don yanzu ba ta jin kanta sosai. "Waƙar yara ta. Ku bar ta ta huta."

Mumuni ya ɗauka kawaici ne. Ya matso kusa da kunnen hagu ya ce, "Yau sai kin ji kanki."

"Na san abin da na ce cikinta," in ji Hajo, ta ci gaba da shinkafarta.

Nuriya ta shimfiɗa zane a kan teburin yankan yadi ta fara aiki. Ta cire tsohuwar robar, wadda ta saki kamar tazugen tsohon wando, ta sa sabuwa. Ta kwance tsohon kan allura, ta ɗaura sabo da wasu ƴan wayoyi huɗu sirara. Mumuni na tsaye a kanta, hannu a baya, yana numfashi a wuyanta. Da ta juya sai ya hau kallon mangwaro.

Sai aka zo haɗi. Mumuni ya ce wannan kam ya iya, ja ga ja, fari ga fari, ya soka wayoyin a bayan ampili ya murɗa har ƙarshe. Abin da ya fito ko kukan sauro ya fi shi. Nuriya ta nuna masa ɗan akwatin ƙarfen, ta ce muryar allura ƙarama ce ƙwarai, ampilin biki ba ya jin ta, dole ta fara bi ta nan a ɗaga ta tukuna. Ta jona akwatin a tsakani. Wannan karon gidan gaba ɗaya ya ɗauki wani gurnani, kaji suka watse, Hajo ma ta ɗago.

"Kin ɓata shi," in ji Mumuni, har da ɗan jin daɗi.

Nuriya ta ɗauko wata siririyar waya da ke reto a bayan garmahon, wadda Mumuni ya daɗe da naɗewa ya ɗaure da zare don yana ganin ba ta da aiki, ta ɗaura ta a wani ɗan ƙusa a jikin akwatin. Gurnani ya ɗauke ɗif. Mumuni ya gyara hularsa.

Saura nauyi. Ta murza ɗan ƙarfen da ke bayan hannun garmahon har hannun ya tsaya a iska kamar sikelin mai zinariya, sannan ta ƙara masa kaɗan. Ta ce nauyin da sabuwar allura ke so bai wuce na ƙwayar gujiya biyu ba. Daga nan ta shiga ɗaki ɗauko tsumma mai laushi.

Ni dai ba na ganin laifin Mumuni. Mutumin da ya shekara hamsin yana abu, hannunsa ba ya jiran izininsa. Dala biyar ɗin da ya ba ajiya tana wajen Nuriya, amma wa ya ce tela ba shi da aljihu biyu? Ya zaro wata, ya ɗora, ya sauke allura. Sabuwar allurar ta durƙushe, cikinta ya hau jan faifai, bafil biyu suka yi ƙara kamar ana yage shadda.

Nuriya ta fito da gudu ta ɗage hannun. Ta duba allurar a rana, ta sauke ajiyar zuciya, sannan ta miƙa tafin hannunta.

"Baba, kawo. Da ta ɗaya aljihun."

Ya ba ta uku.

Da aka sake saukewa ba ƙwandala, sai ga ganga ta fito tas, ga tafi, ga muryoyin ƴan mata goma sha biyu kamar suna tsaye a tsakar gidan. Mumuni ya ji har ƙarar awarwaron wata, abin da bai taɓa sanin yana cikin faifan ba. Baiti na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Hajon cikin faifai ta buɗe baki a baiti na uku, kalma ɗaya, sai ƙat.

Zuciyar Mumuni ta karye. Ya so ya ce ai ya faɗa, dala biyar ta fi gaskiya, amma bakinsa ya ƙi. Ya zauna a kujera ya kalli matarsa, wadda ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince.

Nuriya ta ɗaga faifan ta karkata shi ga hasken rana. "Wanga ba karce ba na," ta ce. "Wani abu na ya daskare. Baba, ka taɓa wanke shi?"

"Faifai da ruwa? Kina da hankali?"

"Kada ku wanke shi," in ji Hajo daga tabarma.

Dukansu suka juya. Matar da sai an matso kunnenta ake mata magana, ta ji wannan daga taku goma. Nuriya ta kalli uwarta, ta kalli faifan, ta ɗebo ruwa mai ɗumi a kofi. Ta ɗiga a wurin, ta jira, ta shafa a hankali tana bin zagayen layin. Abin ya yi laushi, ya zama danƙo a yatsanta. Mumuni ya karɓa ya murza ya sansana. Tela ba ya ɓata wannan, da shi ake ƙarfafa hula.

"Ƙaro na," ya ce a hankali. "Wa za ya sa ƙaro ga faifai?"

Hajo ta ture farantin shinkafa. "Ku dai kunna tun da kun nace. Amma ku rage murya."

Ba wanda ya rage. Mumuni ya kama hannunta ya kawo ta gaban bafil, ya sa mata kujera ta wajen kunnen hagu. Ta ɗora tafinta a jikin katakon. Nuriya ta jira faifan ya bushe, ta sauke allura daidai ƙarshen baiti na biyu.

Muryar yarinya ƴar shekara goma sha takwas ta cika gidan, siririya, mai zaƙi, ba tsoro a cikinta. Ta rera layi ɗaya, ta rera na biyu. A tsakiyar na uku sai muryar ta girgiza, dariya ta kuɓuce mata, kuma cikin dariyar ta ce sarai, "Mumuni, bari mana!" Sannan ta kama waƙarta ta ƙarasa, amshi ya shigo.

Nan take ranar ta dawo masa. Shi ne a tagar ɗakin da ake ɗaukar waƙar yana kwaikwayon yadda makaɗinsu ke murguɗa baki. Ya ɗauka mutanen Kwatano sun yanke wurin. Ashe ba su yanke ba, kuma faifan ya iso Gaya ne a makon bikinsu, ya fara faɗawa hannun amarya.

"Uwarka za ta ji, ƙannenka za su ji," in ji Hajo, ba ta kalle shi ba. "Amarya tana kiran sunan miji gaban gari duka? Na rasa yadda zan yi, sai na ga ƙaro cikin kayanka."

Nuriya ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Mumuni kuwa dariya ta zo masa tare da hawaye, ya rasa wadda zai fara. Tun ranar da aka ɗaura musu aure bai ƙara jin sunansa a bakin matar nan ba. Malam ne, maigida ne, baban Isma'il ne. Shekara arba'in da huɗu yana danna abin da ƙwandala, ashe sunansa ne a ƙarƙashi.

Ta saman katanga kan Alfari ya ɓullo. "Lafiya dai? Na ji ana kiran tela har bakin titi."

"Lafiya lau," in ji Mumuni, yana share ido da hannun riga. Ya durƙusa kusa da kunnen Hajo, don tambaya ɗaya ce ta dame shi. "Kin ji kuwa? Kin ji muryar?"

Hajo ba ta ɗauke tafinta daga jikin bafil ba. Ta gyara kallabi, ta ɗaure fuska irin ta manya.

"Na ji. Yarinyar nan ba ta da kunya ko kaɗan." Ta juya ga Nuriya. "Maida shi baya, ki ƙara murya. Ban ji sunan da kyau ba."