Wadda Iskar Ɗa'if Ta Busar

Wayar Ikrama ta yi ƙara yana kwance a ƙasa, rabin jikinsa a bayan wata tallaja, wato firij, yana gyara ta, a shagon kawunsa Mahmudu da ke unguwar Sa'alaba a Jidda. Da ya ga sunan Mastura sai ya miƙe a firgice har ya buga kai da kantar shagon.

Tun da aka rushe unguwarsu ta Karantina danginta suka tattara suka hau Ɗa'if, garin kan duwatsu, bai ƙara ganinta ba. Tare suka tashi a lungu ɗaya. Ya so ta tun ba ya iya bambanta so da zazzaɓi, amma bai taɓa furtawa ba, ga shi kuma ya ji ana cewa samarin Ɗa'if sun fara sallama a gidansu.

"Ikrama, tallajar Sitti ce ta ƙi sanyi," in ji Mastura. "Na turo maka hotuna. Ga ta nan, ka yi mata bayani da kanka."

Sitti kakarta ce, Hajiya Lubabatu. Kafin ya ce uffan muryar tsohuwar ta cika masa kunne.

"Wane ne? Yarinyar nan ta cusa min waya ta gudu kicin."

"Ikrama ne, Hajiya. Kef halik..."

"Kai! Jikan Rahama? Da Hausa za ka yi min magana. Kalma ɗaya ta Larabci na ji, na kashe."

Hausa yana jinta tsaf, amma in ya zo yin ta sai ta riƙa zame masa kamar sabulu. Ya buɗe hotunan, ya ga matsalar nan take: robar ƙofa ta bushe ta tsattsage, an manna tallajar da bango, ƙura ta toshe bayanta. Sai dai me ake ce wa tallaja da Hausa? Ya laluba kansa kaf, babu. Ya dubi Kawu Mahmudu da ke shan shayi a bakin ƙofa, kawun ya ɗaga kafaɗa yana murmushin mugunta.

To, sai ya ce *ita*.

"Hajiya, a kan ita ne. Tun da kuka kai ta Ɗa'if ba ta da lafiya."

Hajiya ta ce, "Kai ma ka lura?"

"Na gani a hoto. Bakinta ya bushe, duk ya tsage. Iskar can ce, babu danshi. Ita kuma ta saba da iskar teku."

"Wallahi kullum sai na ce ta shafa man zaitun!"

"A'a, kada a sa mai, Hajiya, zai ɓata ta. Kuma tana kuka, ko? Kuka mai tsawo, ba ta hutawa."

"Ikon Allah," in ji Hajiya a hankali. "Ta zaci ba na ji."

Ikrama ya ji daɗi, Hausarsa na tafiya kamar mota a sabon titi. Ya fara zagaye shagon yana wurga hannu.

"Saboda can sama ne, iska ba ta da nauyi, ba ta isar ta. Ku kuma kun matse ta a lungu. Dole jikinta ya yi zafi. Tana son sarari, Hajiya, ku bar ta ta sha iska!"

"Mu muka matse ta?"

"Ba da gangan ba. Ni na san halinta tun a Karantina. Shekarunta sun wuce ashirin, amma wallahi irinta ba a samu yanzu. Na ga sababbi da yawa, masu ƙyalli, babu wadda ta kama ƙafarta. Kada ku ba wani ita. Mutanen can ba su san ta ba, za su wahalar da ita. Ni zan zo da kaina. In ma ta ƙi zaman can, in ɗauko ta in dawo da ita Jidda, in kula da ita a wurina."

A bakin ƙofa shayi ya sarƙe Kawu Mahmudu. Ya dafe ciki, hawaye na zuba, yana nuna wayar da yatsa ya kasa magana. Sai a lokacin Ikrama ya ji maganganunsa sun dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kowace da fuskar Mastura. Ya zauna daɓas a kan tukunyar gas.

"Jikan Rahama," in ji Hajiya, muryarta ta canza, "ashe ka yi baki haka? To tsaya. Mu mata a gidan nan muna da yawa. In ni ce, ka makara, na fi ƙarfinka, sadakina sai jirgin ruwa. Ita wa kake nufi?"

Ga ƙofa a buɗe. Ya ce tallaja, a kashe waya saboda Larabci, a yi dariya, shi ke nan, ya koma bayan inji ya ci gaba da ƙonewa shi kaɗai har wani ɗan Ɗa'if ya kai goro. Zuciyarsa na dukan haƙarƙarinsa kamar za ta fito ta amsa da kanta. Ta cikin wayar ya jiyo ƙarar cokula ta tsaya cak a kicin. Ana sauraro.

"Mastura," ya ce. Muryar ta fito siririya, sai ya sake faɗa da ƙarfi, har mai shagon kusa ya leƙo. "Mastura nake nufi, Hajiya! Ita nake so. Tun da daɗewa. Wallahi tun da daɗewa."

Wani abu ya faɗi a can ya fashe. Hajiya ta rangaɗa guɗa har wayar ta yi tsuwa.

"Ke Mastura, faranti nawa za ki fasa min? Fito ki ji! Ke kina so?"

Ikrama ya manna wayar a kunne. Daga nesa, cikin dariya da kuka a haɗe, ya ji an ce, "Sitti, halas mana!"

"Ta ce halas, wato magana ta ƙare, ta yarda. Wannan Larabcin na yafe shi," in ji Hajiya. "Sai ka turo manyanka, ba a neman aure a waya kamar odar shawarma. Wa ke gare ka a kusa?"

Kawu Mahmudu ya fizge wayar, ya goge hawaye da gefen rigarsa, ya gyara tsayuwa kamar tsohuwar na ganinsa.

"Hajiya, barka da yini, Mahmudu ne. Ranar Juma'a in Allah ya yarda muna tafe, ni da yayyensa." Ya saurara, ya kalli Ikrama da ke rungume da tallajar wani yana sumbatar ƙofarta. "E, yana nan lafiya. Ya ɗan zauce ne kawai."