Miyar Ranar Haihuwar Boram

A ƙwanƙolin dutsen Palgong, gaban gunkin Buda mai faifan dutse a ka, iyaye mata sun cika fili maƙil, kowace a kan 'yar shimfiɗarta, suna durƙusawa suna miƙewa. Da yawansu sun jingina hoton ɗa ko 'ya a gabansu. Miran na cikinsu. Mijinta Taesik na tsaye a gefe riƙe da jakarta, yana jin ƙarar gwiwoyinta duk sa'ad da ta tashi.

Ba haka ta gaya masa a Seoul ba. Cewa ta yi su fita yawon buɗe ido, su tuna ranar aurensu, su ga ƙasarsu kafin tsufa ya zaunar da su. A Jeonju sun kwana a tsohon gida mai ɗumin daɓe, ta yi ta yabon abinci. A Gyeongju sun zagaya kaburburan sarakuna masu kama da tuddai, ta ɗauki hotuna ta tura wa ƙawayenta. Amma a kowane gari sai ta ce akwai wani haikali nan kusa, bari su ɗan leƙa. Sai a gari na uku ya gane cewa haikalan ta zaɓa, garuruwan rakiya ce.

Boram, 'yarsu tilo, karo na uku ke nan ake jiran ta zauna jarrabawar shiga jami'a. Sau biyu tana samun makin da zai kai ta makarantu da dama, amma bai kai na likitanci ba, Miran kuwa ba ta san wani karatu ba sai shi. Yarinyar na zaune a wani ɗaki marar taga kusa da makarantar share fage. Ranar jarrabawar nan har jiragen sama ake dakatarwa don kada ƙararsu ta dami yara. Yaron da ya ce ya gaji ne kawai ba a tanadar wa kunne ba.

"Baban Boram, ka ga mai jar hular can?" in ji Miran suna saukowa, tana dafe da kafaɗarsa. "Ɗanta sau huɗu ya zauna. Yanzu likitan haƙori ne. Yau ƙaninsa take roƙa wa."

"Shi ya samu haƙora, ita ta rasa gwiwoyi."

"Kai dai bakinka! Ko sau ɗaya ba ka sunkuya ba. Uban wasu har azumi yake."

"Jakarki nake riƙe da ita."

Akwai wata magana a bakinsa tun daga Seoul. Ya haɗiye ta tare da miyau, kamar yadda ya yi a Jeonju da Gyeongju. Haka ya saba. A wurin aiki ma ana yabonsa da cewa ba ya ta da ƙura.

Washegari suka isa Busan. Bayan haikalin da ke bakin teku, inda Miran ta sake kunna kyandir, suka gangara kasuwar Gijang. Ko'ina busasshen ganyen teku ne, dogaye baƙaƙe, an jingina su kamar alluna. Wata tsohuwa mai lanƙwasasshen baya ta tare su.

"Madam, zo ki taɓa. Na bana ne, ni da kaina na shanya."

Miran ta ja da baya kamar an miƙo mata garwashi. "A'a, Kaka. Muna da mai jarrabawa a gida."

"Af! To ki yi nesa da shi, kada santsinsa ya kayar miki da ita." Tsohuwar ta ƙyalƙyale da dariya. "Ni jikana ko ƙwai ba a ba shi ba, aka ɗura masa alewa mai danƙo don karatu ya manne. Haƙorinsa ta cire, karatun kuwa ya wuce abinsa."

Miyar ganyen nan ita mai jego ke sha, ita kuma kowane ɗa ke sha ranar haihuwarsa don tuna wahalar uwarsa. Boram kuwa an haife ta ne dab da lokacin jarrabawa. Rabonta da miyar ranar haihuwa tun tana ajin ƙarshe na sakandare.

"Kaka, ba mu ɗaya," in ji Taesik. "Babban."

"Ka haukace ne?"

"Maman Boram, yarinyar ba ta yi rajistar jarrabawar ba."

Miran ta dube shi. Bayansu wata mota mai sayar da kifi na ta shela.

"An rufe tun watan jiya," ya ce. "Na je ɗakinta kafin mu taso. Gashinta ne zube a kan matashi, kamar an yi aski. Da hannu biyu take riƙe kofi don kada ya zube. Ta ce, Baba, ba zan iya ba kuma. Na tambaye ta me take so. Ba ta ce kuɗi ba, ba ta ce tafiya ba. Ta ce tana so ta sha miyarki ranar haihuwarta."

"Ka sani." Muryarta ta yi ƙasa. "Ka sani, ka tsaya kana kallona ina buga goshi a ƙasa gari bayan gari."

"Na sani."

"Me zan ce wa yayarka? 'Ya'yanta biyu suna asibiti da farar riga!"

"Ki ce mata tamu tana da rai."

Tsohuwar ta daina dariya. Ta zaro mafi tsawo a cikin ganyen, ta dafa tsakiyarsa za ta ninke shi ya shiga leda.

"Kada ki karya!"

Miran ce. Ita kanta sai da ta razana da muryarta. Ganyen mai jego ba a karya shi, haka surukarta ta shigo da shi asibiti ranar da aka haifi Boram, a miƙe, tana ture mutane a ƙofa.

"Ai ba na haihuwa ba ne, 'yata," in ji tsohuwar a hankali.

"Na ce kada ki karya."

Aka naɗe shi da takarda yadda yake. Miran ta rungume shi har tasha, ba ta bar Taesik ya taɓa ba. A cikin jirgin ƙasa bai shiga ma'ajiyar kaya ba, sai ta shimfiɗa shi a kan cinyoyinsu su biyu. Gonaki da dogayen benaye na ta wucewa ta taga. Taesik ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, har ya fara tunanin naman da za su saya na miya.

Sun wuce Daegu, dutsen da suka hau jiya na can nesa, Miran ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Za ta sha miyarta bana. Ta huta, gashin ya dawo." Ta gyara riƙon ganyen. "Mai jar hular nan ta ce nata a karo na huɗu ya samu."

Taesik ya buɗe baki. A ƙarƙashin takardar, daidai inda yatsunta suka damƙe, ya ji wata 'yar ƙara, ƙas.