Katin Yaya

"Taka, direba, don Allah taka!" Yaya ta bubbuga bayan kujerar tasi, ɗaya hannun na tallafe da kan Auta, wadda ta dunƙule tana dafe da gefen cikinta na dama.

Daga shagon wanki da guga Yaya ta kwaso a guje, ta tarar da ƙanwar tata yashe a ƙofar banɗaki, gumi sharkaf. Ziyara Auta ta zo mata nan ƙasar waje, kuma kowa ya san inshorar lafiya ta gwamnati ba ta san baƙo ba. Sai mai takardar zama, mai aikin yi, irin Yaya, wadda ta sha baƙar wuya kafin katin ya shigo hannunta.

Ta zaro shi ta cusa a tafin Auta.

"Daga yanzu ke ce ni. In an kira sunana, ki amsa."

"Yaya, in aka kama mu fa?"

"Wa zai kama mu? Inna da ta haife mu ma sai mun yi magana take bambance mu. Ja mayafinki gaba."

A asibiti, mai karɓar kati ta dubi hoton, ta dubi Auta, ta danna kwamfuta, ta ce su wuce. Saura kaɗan Yaya ta yi guɗa. Ta ƙanƙame hannun ƙanwarta tana raɗa, "Ba na gaya miki ba? Gaba ta kai mu!"

Likitan matashi ne, jajayen idanu, ga layi har waje. Ya tambayi inda ke ciwo, Auta ta nuna. Ya yunƙura zai taso, sai idonsa ya faɗa kan kwamfuta. Ya koma ya zauna.

"Da na ce afendis ne, to ga shi mu da kanmu muka cire miki shi bara. Ba ya tsirowa kamar farce." Ya yi ɗan murmushi. "Wataƙila ciwon mara ne. Ku kai fitsari a gwada, ku jira a benci, za a kira ku."

Sai a lokacin Yaya ta tuna. Bara! Ita aka kwantar a ɗakin nan na sama, ita aka yanka. Ko Inna ba ta gaya wa ba, don kada hankalinta ya tashi.

Nas ta kama Auta za su fita. Auta ta taka sau ɗaya, gwiwarta ta lanƙwashe, leɓenta ya bushe ƙayau. Benci cike yake da mutane, wasu tun safe suke zaune. Yaya ta san wannan ciwo, ta san yadda yake fashewa a ciki. Ta kuma san abin da ake yi wa wanda ya ara wa wani katinsa: a ƙwace, a kai maganar ofishin da ke sabunta takardar zama.

"Mu je, Yaya," Auta ta ce da ƙyar. "Zan iya jira."

"Jiran ƙaniya!"

Yaya ta juya, ta ture ƙofar da ƙafa, ta tsaya gaban tebur. Ta ɗage gefen rigarta.

"Likita, duba nan. Ga aikinku. Ni kuka yanka, katin nawa ne. Wannan ƙanwata ce, baƙuwa ce, nata afendis ɗin yana nan daram!"

Likita ya dubi tabon, ya dubi Auta. Ya miƙe har kujera ta kife. Ya danna cikin ya saki, Auta ta ƙwalla ƙara.

"Gado! A sanar da tiyata, yanzu!"

Wuri ya kaure. Tayoyi na ƙara, ana ɗaura ruwa, nas na gudu tana faɗa, Yaya na biye da takalmi ɗaya.

"Baiwar Allah, kin kusa kashe ta da dabara! Wa ya ce miki ana tambayar kati a gaggawa? Baƙo ko ɗan gari, mu yanka muke fara yi, surutun takarda daga baya!"

"To wa ya gaya mini?" Yaya ta ce, tana dariya hawaye na zuba.

A bakin ƙofar tiyata mai karɓar kati ta cim mata, katin a hannu, fuska ba wasa.

"Wannan zai zauna wurina. In an fito da ita lafiya, ki same ni a ofis."

Yaya ta kalli katin. "Zan zo."

Auta ta miƙo hannu daga kan gado ta kamo bakin zaninta.

"Yaya, ashe an yanka ki kika ɓoye mana?"

"Rufe mini baki, ki shiga."

"To yanzu har tabon zai zama iri ɗaya. Inna ta shiga uku."

Ƙofa ta rufe. Yaya ta cire ɗaya takalmin, ta nemi wuri a benci ta zauna.